Wa Ya Shiga Ya Gani?

Lokacin da aka rarraba mu makarantun firamare domin gwajin koyarwa, ni aji shida aka ba ni. Ran nan ina koya musu labarin ƙasa, na zana duniya a jikin allo, na tsaga ta biyu kamar dafaffen ƙwai. Na ce musu ga ɓawo, shi ne mu ke takawa. Ga farin ƙwai, watau duwatsu masu tsananin zafi. Ga kuma gwaiduwa can tsakiya, ita kuwa ƙarfe ce, na waje narkakke, na ciki daskararre. Ina cikin jin daɗin zanena sai wani ƙaramin yaro a layin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wa ya shiga ya gani?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kuwa ba ni da amsa, sai na ce masa, "Haka littafi ya ce, zauna."

Malaminmu da ya zo duba aikina yana zaune a baya da takardarsa. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Zanenka ya yi kyau, amma tambayar yaron nan ta fi darasinka. Je ka nemo amsarta, ka koma ka ba shi." Kunya ta rufe ni. Abin da na samo cikin makonnin da suka biyo baya shi na ke so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai, gama kowannenmu zai gamu da irin wannan yaro wata rana.

Gaskiyar magana ita ce babu wanda ya taɓa shiga. Ramin da ya fi kowane zurfi a duniya yana Kola, a arewacin Rasha. A 1989 ya kai kilomita 12 da 'yan kai, ko ɓawon ma bai huda ba. Daga inda mu ke tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa wajen kilomita 6,370 ne. To, yaya aka yi aka sani?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma ku tuna da mace in ta je kasuwa sayen tukunyar ƙasa. Tsagar da ke jikin tukunya sau da yawa ido ba ya ganinta. Sai ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne. In tukunya lafiyayya ce muryarta takan fita sarai, in kuwa da tsaga sai a ji ta a dushe. Haka masana su ke yi da duniya. Girgizar ƙasa ita ce ƙwanƙwasawar, kunnensu kuwa na'urori ne da aka kakkafa a ƙasashe da yawa, masu rubuta kowane motsi komai ƙanƙantarsa. Mu ma a Nijeriya muna da cibiyar wannan aiki a Toro, cikin Jihar Bauchi.

Motsin da girgizar ƙasa ke aikawa cikin duniya iri biyu ne. Na fari turi ne, kamar yara sun jeru a layi, na baya ya ture na gabansa, turin ya yi ta tafiya har kan na farko. Wannan yana ratsa dutse, yana kuma ratsa ruwa. Na biyu kaɗawa ce, kamar ka ɗaura igiya a bishiya ka kaɗa ta hagu da dama. Wannan ba ya tafiya sai cikin abu mai tauri, in ya tarad da ruwa ko wani abu narkakke nan ya ke tsayawa. Da masana suka lura da inda kowane motsi ke isa, da lokacin da ya ke ɗauka, sai hoton cikin duniya ya fara fitowa. A 1906 wani Bature na Ingila, Richard Oldham, ya nuna akwai gwaiduwa a tsakiya. Waɗanda suka biyo bayansa suka auna, suka ga tana farawa daga zurfin kilomita 2,900, kuma tun da kaɗawa ba ta ratsa ta, lalle narkakkiya ce. Sa'an nan a 1936 wata mace 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, tana nazarin girgizar da aka yi a Niyu Zilan a 1929, ta ga wani ɗan motsi ya iso inda bai kamata ya iso ba. Ta ce ba shakka ya bugi wani abu ne can ciki ya karkato. Ashe akwai wata gwaiduwa cikin gwaiduwar, daga baya kuma aka tabbatar daskararriya ce.

Wannan sauraro bai ƙare ba har yau. Ran 16 ga Satumba 2023 na'urori ko'ina a duniya suka fara rubuta wani baƙon motsi, wanda ke dawowa kowane minti ɗaya da rabi, ba fashi, har kwana 9. Bai yi kama da girgizar ƙasa ba. Sai a 2024 masana suka bayyana asalinsa. A gabashin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, zafi ya zaizaye ƙanƙarar da ke tokare da gindin wani dutse, ƙwanƙolin dutsen ya rufto cikin wani siririn mashigin teku mai suna Dickson. Ruwa ya tashi wajen mita 200, ya rasa mafita, ya yi ta kai da kawowa tsakanin gaɓa da gaɓa kamar ruwan daro a kan yarinya mai sauri. Babu mutum ko ɗaya da ya ga faɗuwar, amma hotunan wurin, na kafin ranar da na bayanta, sun gaskata abin da na'urori suka ji.

An kai irin wannan kunne har wata duniyar. A Nuwamba 2018 wani kumbo na Amurka mai suna InSight ya sauka a duniyar Mars, ya ajiye na'urarsa a ƙasa. Kafin ya daina aiki a Disamba 2022 ya rubuta girgiza fiye da 1,300. Da su aka gane ita ma Mars tana da gwaiduwar narkakken ƙarfe.

Yanzu bari mu ɗaga kai sama, gama a can ne aka yi abin da ya fi ba ni mamaki. Babban tauraro, in abin da ya ke ƙonawa ya ƙare, yakan rufta cikin kansa, ya dunƙule ƙwarai, har ƙarfin jansa ya hana kome fita, ko da haske ne. Shi a ke kira baƙin rami. Abin da haske ba ya fita daga cikinsa kuwa ido ba shi da hanyar ganinsa. Amma tun 1916 Albert Einstein ya lissafta cewa in abubuwa masu nauyin gaske suna kewaya juna da sauri, sararin da kansa yakan motsa, motsin ya bazu kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa dutse. Aka yi kusan shekara 100 ba wanda ya iya auna shi, saboda ƙanƙantarsa.

A Amurka aka gina na'ura mai suna LIGO. Tana da bututu biyu da suka haɗu a kusurwa, kowane tsawonsa kilomita 4, haske yana kai da kawowa a ciki tsakanin madubai. In motsin sarari ya ratsa, bututu ɗaya yakan ƙara tsawo, ɗayan ya ragu, da abin da bai kai ko kusa da faɗin ƙwayar zarra ba. Ku lura da hikimarsu a nan. Na'ura biyu suka gina, ɗaya a Jihar Louisiana, ɗaya a Jihar Washington, tsakaninsu wajen kilomita 3,000. In babbar mota ta wuce ta girgiza ɗaya, ɗayar ba za ta ji ba. Da farko, sai abin da su biyu suka shaida a ke karɓa.

Ran 14 ga Satumba 2015 duka biyun suka ji abu ɗaya, wanda bai kai rabin daƙiƙa ba. Lissafi ya nuna baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya, guda ya yi nauyin rana 36, guda 29. Motsin ya yi shekara miliyan 1,300 yana tafiya da saurin haske kafin ya iso mu, haske kuwa kilomita 300,000 ya ke ci cikin daƙiƙa ɗaya. Duk da murnarsu, masanan ba su yi shela ba sai a Fabrairu 2016, bayan sun yi wata biyar suna neman kuskure cikin aikinsu.

Ran 17 ga Agusta 2017 kuma aka ji karon wasu matattun taurari biyu masu ɗan karen nauyi, waɗanda ba su kai zama baƙin rami ba. Wannan karon da taimakon na'ura ta uku a Italiya aka gane sashen sama da abin ya fito. Wuraren duban taurari wajen 70 suka juya madubansu na hangen nesa can, sai ga sabon haske inda dā babu. A nan gani ya zo ya gaskata ji. Hasken ya kuma nuna a irin wannan karo ne a ke samun ƙarafa masu nauyi irin su zinariya.

Da na koma ajina na tafi da tukwane biyu, lafiyayya da tsagagga, da igiya. Na sa yaron nan ya rufe ido, na ƙwanƙwasa, nan da nan ya faɗi mai tsagar. Na jera yara suka yi turi, muka kaɗa igiya, na sa wani ya ɗora kunne a kan benci wani yana bugun ɗaya ƙarshen. Sa'an nan na roƙi gafararsa a gaban 'yan aji, na ba shi amsarsa. Ya yi shiru, can sai ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, in sun yi kuskure fa?" Wannan karon ban tsorata ba. Na ce masa sukan yi, su kuma gyara. A 2021 sun faɗi girman gwaiduwar Mars, a 2023 da suka sami sabuwar shaida suka ce ba ta kai haka ba, domin akwai narkakken dutse lulluɓe da ita wanda dā suka haɗa cikin awon.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu alli da aji. Yaron da aka ce masa "haka littafi ya ce" zai haddace, ya ci jarrabawa, amma ba zai ƙara ɗaga hannu ba, laifin kuwa namu ne. Saboda haka in kuna shirya darasi, kada ku tsaya ga abin da aka sani kaɗai, ku nemi yadda aka yi aka san shi, ku shiga aji da shi. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce za ku nemo, ku kuwa nemo ɗin. Mahaliccin da ya shimfiɗa sammai shi ne ya ba yaron nan hankalin tambaya, bai kamata malami ya kashe shi ba. Allah ya ba mu haƙurin sauraro.