Yadda ake horar da tawagar da za ta gina dandalin bincike, ta kuma riƙe shi

Duk wanda ya taso daga Ƙauyen Alu ya hau titin Zariya zuwa Gyadi-Gyadi, sai ya wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutane sun san shi da duba marasa lafiya, amma a cikinsa ana gudanar da bincike na kimiyya da ake karantawa a duk duniya. Misali, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, kan zubar jini bayan haihuwa. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata sama da 200,000. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa sabuwar hanyar ta rage mummunan zubar jini da illolinsa da kusan kashi 60 cikin 100.

Tambayar da ta shafi mai sha'awar fasaha ita ce: a ina bayanan mata 200,000 suke haɗuwa? Littafin rajista ba zai ɗauka ba, kuma ba a tura su ta WhatsApp. Irin wannan aiki yana buƙatar dandalin bincike, wato shafi ko manhaja a intanet inda ma'aikaci zai shigar da bayani daga wayarsa, masani ya tace shi daga ofishinsa, kowa kuma ya ga iya abin da aka ba shi izinin gani.

Ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan manhajoji ita ce REDCap, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a 2004, jami'ar da ta daɗe tana haɗin gwiwa da asibitin Malam kan binciken ciwon sikila da ƙanjamau. Ana ba cibiyoyin da ba na kasuwanci ba ita kyauta, amma da sharaɗi: cibiya ce za ta samar da sabar da za a girka ta, da mutumin da zai kula da ita. A nan gizo ke saƙar. Manhajar kyauta ce, riƙonta ne ba kyauta ba.

Yawancin dandalin da ke mutuwa ba rashin iya rubuta manhaja ke kashe su ba. Abin da aka saba gani shi ne, a samu tallafin shekara uku, a ɗauko matashi ɗaya mai kaifin kwanya ya gina komai, kalmar sirri tana kansa, sunan shafin an yi rajistarsa da imel ɗinsa. Ranar da ya samu aiki a Abuja ko ya tafi karatu waje, sai komai ya tsaya. Wata rana a buɗe shafin a tarar da gargaɗin cewa ba shi da tsaro, don takardar tsaro ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, kuma babu wanda ya lura cewa sabuntawar ta daina aiki. Bayan shekara sunan shafin ma ya faɗi saboda ba a biya ba.

Wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce. A 2016 hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka, NSF, ta ba da kuɗin kafa cibiyar SGCI, domin ta taimaka wa masu gina irin waɗannan dandali. Horon da ta shirya na kwana biyar ne, kuma tawaga ake gayyata, ba mutum ɗaya ba. Abin lura shi ne, ba rubuta manhaja ake koyarwa a wurin ba. Ana zaunar da masani da mai gina manhajar a teburi ɗaya su amsa tambayoyi masu nauyi: su wa za su yi amfani da dandalin, me ya bambanta shi da waɗanda ake da su, nawa yake ci a shekara, wa zai biya idan tallafi ya ƙare. A nahiyarmu ma, shirin Sci-GaIA na Tarayyar Turai ya yi zaman horo a Legas a ƙarshen 2016, tare da WACREN, ƙungiyar da ke haɗa hanyoyin intanet na jami'o'in Yammaci da Tsakiyar Afirka.

To, su wane ne tawagar? Da farko akwai masanin da ya san tambayar da ake bincike a kai, shi ne zai faɗi abin da za a auna. Sai mai kula da bayanai, wanda sau da yawa ake raina aikinsa alhali shi ne ginshiƙi. Shi ne zai lura cewa an rubuta nauyin jariri kilo 32 maimakon 3.2, ya kuma sa wa fom ɗin iyaka yadda ba zai sake karɓar irin wannan lamba ba. Akwai mai kula da sabar, akwai kuma mai koyar da ma'aikata da amsa kiransu idan manhaja ta ƙi buɗewa. A ƙaramin aiki mutum ɗaya zai iya haɗa biyu, amma kowane aiki sai an samu mutum na biyu da ya iya shi, kuma a rubuta matakansa a takardar da baƙo zai karanta ya gane.

Horon da aka yi a Amurka ba zai wadatar a nan ba sai an ƙara masa darasin gida. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse, Yammacin Afirka ya shiga matsala. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Dandalin da ba ya barin ma'aikaci ya cike fom ba tare da data ba, ya tura daga baya, bai dace da Tarauni ba. Sai maganar ajiyar kwafi. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Kuma yin kwafin kawai bai isa ba, dole a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci, don tawagogi da yawa sai ranar da sabar ta ƙone suke gano cewa kwafin fanko ne.

Batun kuɗi ma haka. Hayar sabar a waje da dala ake biya, kuma dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kasafin da aka yi bisa tsohon farashi ya rushe ke nan. Dakatar da tallafin USAID a farkon 2025 ya ƙara nuna haɗarin dogaro da aljihu ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau tun ranar farko a sa jami'a ko asibiti su mallaki sunan shafin da sabar, ba shugaban bincike ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka ajiye sunayen marasa lafiya a wayar ma'aikaci ba ƙaramin ganganci ba ne.

Matashin da ke da wayar Android kawai yana da ƙofar shiga wannan fage, ba sai ya yi digiri ba. Ya buɗe asusun kyauta a KoboToolbox, ya tsara fom mai tambaya goma, misali kan farashin ruwan 'yan garuwa a layinsu, ya sauke KoboCollect, ya kashe data, ya cike fom ɗin sau ashirin, sannan ya kunna ya tura. Daga nan ya koyi tsara fom a Excel da tsarin XLSForm, wanda ODK ma ke amfani da shi. Sannan ya rubuta yadda ya yi komai a shafi ɗaya, ya miƙa wa abokinsa takardar da wayar, ya koma gefe ya yi shiru. Duk inda abokin ya tsaya yana tambaya, nan ne takardar ke buƙatar gyara.