Gini a Cikin Kwamfuta: Wa Ke Da Shi, Wa Ke Ɗaukar Alhakinsa?

Gabatarwa

A cikin watan Yuni na shekarar 2017, injiniyoyin kamfanin Trant Engineering na ƙasar Ingila suka wayi gari suka tarar an toshe musu hanyar kaiwa ga zane-zanen aikin da suke yi. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, domin tashar wutar lantarki ce ta fam miliyan 55, wadda Ma'aikatar Tsaro ta Birtaniya ta ba su kwangilar ginawa a tsibiran Fokland da ke kudancin tekun Atlantika. Kamfanin Mott MacDonald, wanda suka ɗauka ya yi musu zane, shi ke riƙe da rumbun bayanan aikin a kwamfuta. Da saɓani ya shiga tsakaninsu a kan kuɗi, sai ya soke kalmomin sirrin da ake shiga rumbun da su. Ba a ɗauke ko da buhun siminti ɗaya daga wurin aiki ba, amma aikin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Wannan darasi zai yi bayanin irin tsarin da ya haifar da wannan rikici, da tambayoyin shari'a da ya zo da su.

Mene ne BIM?

A da, mai zanen gini yakan yi nasa zane a takarda, injiniyan ƙarfe da kankare ya yi nasa, na wuta da na ruwa su ma kowa ya yi nasa. Sau da yawa sai an kai ga wurin aiki sannan a gano cewa bututun ruwa zai ratsa ta tsakiyar ginshiƙi, a lokacin kuwa gyara sai da rusau.

Tsarin da ake kira BIM a taƙaice ya zo ne don magance haka. Ana gina siffar ginin tukuna a cikin kwamfuta, da tsawonta da faɗinta da tsayinta, kuma kowane sashe nata yana ɗauke da bayaninsa. Ƙofa, alal misali, ba layuka huɗu ba ce kurum: an san katakonta, da awonta, da kuɗinta, da tsawon lokacin da za ta iya jure wa gobara. Kowane gwani yana zuba nasa aikin, kwamfuta kuma ta nuna inda aikin wani ya ci karo da na wani tun ba a haƙa harsashi ba. Ganin amfanin haka ne ya sa a shekarar 2011 gwamnatin Birtaniya ta shar'anta cewa daga 2016 sai da wannan tsari za a yi ayyukan gine-ginen gwamnatin tsakiya.

Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai dai idan miyar ta ɓaci, hannun wa za a kama? A nan ne masana shari'a suka shigo.

Alhakin kuskure

Tambayar wanda zai ɗauki asarar zane mai kuskure ta girmi kwamfuta. A shekarar 1918 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan kwangila mai suna Spearin, wanda aka ba aikin gina wurin gyaran jiragen ruwa a Buruklin. Ya gina magudanar ƙazanta daidai da zanen da gwamnati ta ba shi, amma da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta fashe, saboda wani shinge da ke cikin wata magudanar wanda zanen bai nuna ba. Kotu ta ce ɗan kwangilar da ya bi zanen mai aiki sau da ƙafa ba zai ɗauki alhakin aibin zanen ba.

Wannan ƙa'ida tana da sauƙin aiki muddin an san mai zane daban, mai gini daban. A tsarin BIM kuwa shi kansa ɗan kwangila yakan zuba bayanai a cikin siffar, wani lokaci ma kwamfuta ce ke sauya wani awo da kanta idan an taɓa wani. To, idan bango ya tsage, ɗan kwangila ba zai iya cewa zanen wani ya bi ba alhali da hannunsa a ciki. Don haka wajibi ne yarjejeniya ta fayyace sashen da kowa ke da alhakinsa, kuma a ajiye tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi.

Iyakar dogaro da siffar

Abin da ke cikin kwamfuta yakan yi kama da kammalalle ko da kuwa kintace ne. Mai ƙiyasin kuɗin gini yana iya ƙirga tan nawa na rodi za a saya daga siffar da mai ita bai gama lissafinta ba. Saboda wannan haɗari ne Cibiyar Masu Zanen Gini ta Amurka ta fitar da wata takarda a 2008, wadda ta kasa cikar kowane sashe zuwa matakai biyar, daga 100 zuwa 500. Mataki na 100 ra'ayi ne kawai, na 500 kuwa shi ne abin da aka tabbatar a wurin aiki bayan an gina. Wanda ya sayi kaya bisa bayanin mataki na 100 ba shi da bakin kuka da kowa. Haka nan dole yarjejeniya ta faɗi wanda za a bi idan zanen takarda ya saɓa da siffar da ke cikin kwamfuta.

Haƙƙin mallaka

Mai aiki yakan ɗauka cewa tunda shi ya biya kuɗi, siffar tasa ce. Mai zane kuwa yana tsoron kada a kwafi basirarsa a gina wasu gidaje goma da ita ba tare da an biya shi ba. Ƙa'idojin da Majalisar Masana'antar Gine-gine ta Birtaniya ta fitar a 2013, ta kuma sabunta a 2018, sun raba gardamar kamar haka: haƙƙin mallaka yana nan a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, mai aiki kuma a ba shi izinin amfani da shi don wannan ginin, wato ginawa da kulawa da gyarawa.

Makullin rumbu

A nan za a koma ga rikicin tsibiran Fokland. Kamfanin Trant ya garzaya kotun da ke sauraron ƙararrakin gine-gine a Landan. Abin mamaki shi ne, kamfanonin biyu ba su ma yarda da juna ba a kan ko akwai yarjejeniya a tsakaninsu, domin takardar da Mott MacDonald ya aika, Trant bai sa mata hannu ya mayar ba, ga shi kuwa an shafe kusan shekara ana aiki. A watan Yuli na 2017 Mai Shari'a O'Farrell ta ba da umarnin wucin gadi cewa a buɗe wa Trant rumbun, ganin cewa in ba haka ba sai ya sake aikin daga farko. Amma ta gindaya masa sharaɗin ajiye fam 475,000 a hannun kotu kafin a warware batun bashin.

Darasin a fili yake: wanda ke riƙe da makullin rumbu yana iya tsayar da aiki gaba ɗaya. Shi ya sa lauyoyi ke ba da shawarar a rubuta tun farko wanda zai riƙe rumbun, da abin da zai faru da bayanan idan an ɓata ko an soke kwangila. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 19650, wadda aka fara fitarwa a 2018, ta tsara yadda ake tafiyar da bayanan, amma ba ta zama tilas a kan kowa sai doka ko yarjejeniya ta ɗora masa ita.

Kammalawa

Kwamfuta tana iya gano bututun da ya ci karo da ginshiƙi, amma ba ta iya faɗin wanda zai biya kuɗin gyara. Wannan aikin yarjejeniya ne, kuma lokacin rubuta ta shi ne kafin a soma zane, sa'ad da kowa ke shiri da kowa. Ɗalibin da ke burin zama injiniya ko mai zanen gini ya sani cewa bayan lissafi da kimiyya, sai ya koyi karanta takarda kafin ya sa mata hannu.

Tambayoyi

1. Bayyana bambanci tsakanin zanen takarda da siffar gini ta tsarin BIM.
2. Me ya sa hukuncin shari'ar Spearin ke da wuyar aiki idan ɗan kwangila ya sa hannu a zane?
3. Kawo abubuwa uku da ya kamata Trant da Mott MacDonald su rubuta kafin su fara aiki.