Amsoshin Tambayoyinku: Masu Baburan Daji a Amurka

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin masu hawan babura da motocin daji a Amurka suna da ta cewa kan hanyoyinsu?

To malam, suna da ita. A 1991 dokar tarayya ta kafa asusun gyaran hanyoyin shaƙatawa, daga harajin man da waɗannan ababen hawa ke sha. Kafin jiha ta karɓi kasonta, sai ta kafa kwamiti mai wakilan masu inji da na masu tafiya a ƙafa, keke ko doki. Kashi 30 cikin 100 na kuɗin na hanyoyin masu inji ne. Amma shawara kawai kwamitin yake bayarwa, yanke hukunci na hukumomi ne. Da fatan ka gamsu.