Aman Wutar Duwatsu: Me Ya Haɗa Shi da Daminarmu?

Tambaya: Malam, ba a yin wata guda ban ga hoton wani dutse yana aman wuta a waya ba. Shin abin ƙaruwa yake yi? Mu kuma da muke noma a Arewa, nesa da waɗannan duwatsu, akwai abin da ya shafe mu a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka game da tambayar farko, ta biyun ce ke bukatar natsuwa. Akwai duwatsu kusan 1,350 a doron ƙasa da masana ke ganin za su iya yin aman wuta. A kowace shekara sama da 50 daga cikinsu suna yi, kuma a duk ranar Allah za ka tarar kimanin 20 suna cikin yi. Haka lamarin yake tun da daɗewa. Abin da ya ƙaru shi ne idon da ke kallo: tauraron ɗan'adam a sama, waya mai ɗaukar hoto a hannun kowa. Dutsen da a da zai yi amansa ya gama ba wanda ya ji labari, yau kafin magariba hotonsa ya zo Kano da Maraɗi.

Akasarin wannan aman ƙanana ne, illarsu ba ta wuce garuruwan da ke kewaye. Manyan da ke taɓa yanayin duniya ba su da yawa. Irin girman na Pinatubo, wanda ya fashe a ƙasar Filifin a watan Yunin 1991, sau uku kacal aka gani a ƙarni na 20. Irin na Tambora a Indunisiya a 1815 kuwa, ana iya yin ɗaruruwan shekaru ba a ga kamarsa ba.

Mutane da yawa suna ɗauka toka ce ke canja yanayi. Toka tana da nauyi, cikin kwanaki ko makonni ta sauko ƙasa. Abin da ke daɗewa shi ne iskar farar wuta. Idan aman ya yi ƙarfin da zai cilla ta can ƙololuwar sama, inda hadari ba ya kaiwa balle ruwa ya wanke ta, sai ta haɗu da ɗan danshin da ke wurin ta zama wani siririn hazo mai mayar da hasken rana baya. Pinatubo ya watsa wajen tan miliyan 15 na wannan iska, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri har na tsawon shekara biyu. Bayan Tambora, a 1816 sanyi ya lalata amfanin gona a Turai da Amurka ta Arewa a tsakiyar lokacin noma, abinci ya yi tsada, yunwa ta shiga.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ruwan daminarmu daga tekun Atlantika yake zuwa. Zafin da Sahara ke ɗauka a bazara shi ke janyo iska mai danshi daga kudu ta hauro arewa. Idan hazon wani dutse ya sanyaya arewacin duniya fiye da kudancinta, wannan iska ba ta samun ƙarfin haurowa yadda ta saba, sai damina ta makara, ko ruwa ya ɗauke kafin gero ya nuna. Masu binciken yanayi sun lura cewa wasu daga cikin fari mafi tsanani a Sahel sun biyo bayan irin wannan aman. Dutsen da ke yankin Katmai na Alaska ya fashe a 1912, a 1913 aka yi farin da ya jawo yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, sai ga farin 1983 da 1984 da ya ƙarar da garkunan makiyaya. Dutse ba shi kaɗai ne sanadi ba, ɗumin ruwan teku ma yana da nasa hannun, amma alaƙar ta isa ta sa manomi mai lura ya buɗe kunne.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa duwatsu ne ke ɗumama duniya. Iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa daga man fetur da gas da kwal ta ninka ta duwatsu kusan sau 100. Sanyin da babban aman ke kawowa ma ba ya wuce shekara biyu ko uku.

To, me ya kamata manomi ya yi? Idan ka ji labarin aman da ya kai girman da masana ke maganar tasirinsa ga yanayin duniya, musamman a arewacin duniya, ka ɗauki damina biyu masu zuwa da taka-tsantsan. Kada ka kwashe rumbu ka kai kasuwa da kaka don farashi ya yi kyau, ka bar abin da zai kai iyali wata kakar. Ka nemi irin gero da wake da masara masu saurin nuna, kada ka zuba duk irinka a ruwan farko. Ka yi aikin riƙe ruwa a gona, irin ramukan tassa da rabin-wata da manoman Nijar suka ƙware a kai. Makiyayi ya tanadi harawa da kara, ya rage dabbobi tun suna da ƙiba da daraja. Sannan a saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara a Najeriya, da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da ke zaune kusa da wutar. Tsofaffin duwatsun Biu da na Filato ba su yi aman wuta ba a tarihin da aka rubuta, amma Dutsen Kamaru da ke saman garin Buea ya yi a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agustan 1986, Tafkin Nyos da ke cikin ramin wani tsohon dutse a Kamaru ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, kamar yadda lemon kwalba ke tasowa idan an girgiza an buɗe. Iskar ta gangara kwaruruka ta hallaka mutane sama da 1,700 da dubban dabbobi, da yawansu suna barci. Tun 2001 aka fara sa bututun da ke fitar da iskar a hankali. Najeriya ma ta gina madatsar Kashimbila a Taraba don tare ambaliya idan bakin tafkin ya ɓalle.

Wanda ke zaune ko fatauci a irin waɗannan wurare ya riƙe abubuwa kaɗan. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da launi, kwari take bi. Idan ka ga tsuntsaye da dabbobi suna faɗuwa ba dalili, hau tudu nan take. Idan toka na zuba, rufe hanci da baki da takunkumi ko jiƙaƙƙen ƙyalle, rufe rijiya da randa, ka riƙa share rufin ɗaki, don jiƙaƙƙiyar toka tana rushe gini. Ka nisanci rafukan da ke saukowa daga dutsen, ta nan laka ke kwararowa.

Mafi muhimmanci, idan hukuma ta ce a tashi, a tashi. A garin Armero na Kolombiya, a 1985, an yi jinkirin kwashe mutane, lakar da aman wani dutse ya kwararo da ita ta binne sama da 20,000 a dare ɗaya. A Pinatubo kuwa, wanda amansa ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, an saurari masana, an kwashe dubun dubatar mutane kafin fashewar, waɗanda suka rasu ba su kai 1,000 ba. Ba mai ikon hana dutse aman wuta sai Allah, amma tanadin hatsi da jin gargaɗi a kan lokaci suna hannunmu, kuma su ne suka sha raba waɗanda suka tsira da waɗanda abin ya rutsa da su.