Kafin ka nemi inji, bari iskar Adar ta ɗauki jirginka

A Madawa da Buza da Keita da wuya a sami unguwar da ba ta da yaro ɗaya da aka sani da ƙere-ƙere. Da motar kara yake farawa, ya koma ta waya da gwangwani, daga nan sai idonsa ya koma sama, ya ce shi jirgi zai ƙera. Yakan kwashe makonni yana yankan langa-langa da kwali, ya fitar da tagogi da ƙafafu har da tutar ƙasa a wutsiya, ya ciro ƙaramin inji daga matacciyar fankar caji ya maƙala masa farfela. Ranar gwaji farfela ta yi ta juyawa, jirgi ya ja ciki taku biyu ya kife. Hukuncin ƴan kallo kullum ɗaya ne, shi ma mai jirgin yakan yarda da shi: injin ne ba shi da ƙarfi, da akwai kuɗin sayen babba da ya tashi. Wannan hukunci kuskure ne, kuma ya karya zuciyar yara masu basira da dama. Ciwon irin wannan jirgi yana ga nauyinsa da fiffikensa da daidaitonsa, ko an ninka ƙarfin inji ba zai warke ba. Shawarata ga mai wannan sha'awa ita ce ya jingine maganar inji, ya ƙera jirgi marar inji, irin wanda ke shawagi a kan iska ana sarrafa shi da rimot daga ƙasa. Rimot ɗin ma kada ya saye shi sai jirgin ya nuna yana iya tafiya shi kaɗai.

Wani zai ce jirgin da ba shi da inji ai ba jirgi ba ne. Tarihin jirgin sama kansa ya amsa wannan. George Cayley na Ingila, wanda ya fara tsara jirgi mai kafaffen fiffike da wutsiya, ƙaramin samfuri marar inji ya gwada a 1804. Otto Lilienthal na Jamus ya daɗe yana nazarin yadda shamuwar ƙasarsu ke riƙe fukafukanta, sannan daga 1891 zuwa 1896 ya riƙa sauka daga kan tudu da jirage marasa inji. Ƴan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka sun yi 1900 da 1901 da 1902 suna koyon sarrafa jirgi marar inji a Kitty Hawk, wurin da suka zaɓa saboda iskarsa, sai a Disamban 1903 suka tashi da inji. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda kuma bai gamsu da tarihin Turawa ba, ya ɗaga kai da hantsi ya dubi shirwa a saman mahauta, tana ta kewaya tana ƙara nisa ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. A 1973 wani jirgi ya yi karo da mikiya a sararin Abijan a tsawon mita 11,300. Tsuntsu mai nauyi irin mikiya iska mai hawa yake nema ya kwanta a kanta, kuma wannan fasahar ce mai jirgin rimot yake koya.

A nan ne mutanen Adar suke da abin da mazauna shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba su da shi. Yankin Adar, Dutsi da Majiya tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen doro, kwaruruka sun tsattsaga su, gefensu ya yi gangare. Idan iska ta taho ta daki irin wannan gangare ba ta da hanya sai ta hau, kuma muddin saurin hawanta ya fi saurin saukar jirgi, jirgin zai zauna a sama har sai batirin rimot ya gaji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan kullum, don haka gangaren da za a nema shi ne wanda ya fuskanci can, mai tsawon mita 20 ko 30 ma ya isa, in dai iska tana dukansa kai tsaye kuma gabansa a buɗe yake. Abin tsoro yana bayan bakin tsaunin. Da zarar iska ta haye baki sai ta murɗe ta yi ƙasa, jirgin da ya shiga wurin kuwa tana fyaɗa shi da ƙasa kafin mai shi ya ankara. Manoman kwarin Majiya sun san wannan hali na iska tun da aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 tare da ƙungiyar CARE, layi da layi mita 100 tsakani: bishiya tana karya iska har nisan da ya kai ninki goma na tsawonta. Abin da ke kare gero shi ke kayar da jirgi, saboda haka a nisanci bayan bishiyoyi da gine-gine. A kuma kula da wurin sauka. Gefen tsaunukan Keita cike yake da jerin duwatsu da ramukan tare ruwa da aka yi tun fara aikin raya karkarar Keita a 1984, aikin da mata suka ɗauki mafi yawan wahalarsa. Dutse yana fasa jirgi, ƙaya tana yaga fiffike, kuma ba daidai ba ne a tattake dashen jama'a garin ɗauko abin wasa.

Sai ƙira. Babban abokin gabar mai ƙera jirgi shi ne nauyi, kuma yawancinsa daga son ado yake shigowa. Ga ma'aunin da ya dace da mai koyo: fiffike mai tsawon santimita 150 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, faɗinsa santimita 20, jirgin gaba ɗaya har da batir kada ya wuce giram 600. A kai shi ga sikelin mai shago a auna, kada a dogara da hannu. Ba a bukatar tagogi, ba a bukatar ƙafafu, a kan cikinsa zai sauka. Farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firiji da talabijin shi ne kayan fiffike mafi sauƙin samu. A goge shi da samfefa har ƙasansa ya miƙe, samansa ya yi doro, doron ya fi tudu a kashi ɗaya cikin uku na gaba, bakin gaba a zagaye, bakin baya siriri. A tsaga layi a binne siririn tsinken gora ya zama ƙashin bayansa, sannan a lulluɓe shi da faffaɗan salatif. Gangar jiki ana iya yinta da tukurwa ko busasshen karan dawa miƙaƙƙe, totuwar kara kuma tana cike gurbi ba tare da ƙara nauyi ba. A kiyayi gam mai warin fetur: ɗigo ɗaya a kan soson, kana kallo zai narke ya bar rami. Farin gam na kafintoci ya fi, ko da yake sai an yi haƙuri ya kwana. Kowane ƙarshen fiffike ya ɗara tsakiya tsawo da santimita 8 zuwa 10, domin wannan ɗagawar ce ke mayar da jirgi daidai idan iska ta karkata shi. Wutsiyar kwance ta kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin filin fiffike, tazararta da bayan fiffike ninki biyu na faɗinsa ko ɗan fiye. Fiffiken kuma da zaren roba na tsohon tub ɗin babur za a ɗaure shi a jiki, don in an faɗi ya fita maimakon ya karye.

Duk wannan aiki banza ne idan daidaito bai zauna ba, kuma a nan mafi yawan jiragen yara suke mutuwa. Auna santimita 6 daga bakin gaban fiffike, ka yi alama a ƙasansa dama da hagu kusa da gangar jiki, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai alamun. In wutsiya ta yi ƙasa, hanci yana son ƙarin nauyi: ɗaura ƙusa ko kwabo a can gaba har jirgin ya kwanta, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Mutane suna jin nauyin yin haka bayan an gama yi musu wa'azin rage nauyi, amma jirgi mai nauyin wutsiya ba ya jin umarnin kowa. Daga nan sai gwajin hannu, da sassafe kafin iska ta tashi, a fili mai yashi. Riƙe shi daidai kafaɗa, fuskanci inda iska ke fitowa, tura shi a hankali hancinsa yana kallon ƙasa kaɗan, ba jifa ba. Idan ya ɗaga hanci ya tsaya cak sannan ya nutsa, ya sake ɗagawa, to hancin bai yi nauyi ba tukuna. Idan ya nufi ƙasa kai tsaye, rage nauyin hanci ko ka sa siririn kwali a ƙarƙashin gaban fiffike. Idan kullum gefe ɗaya yake bi, fiffike ya murɗe ko ɓari ɗaya ya fi nauyi. Abu ɗaya ake sauyawa kafin kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi magani ba. Ranar da ya tashi daga kafaɗarka ya yi mita 12 a miƙe ya sauka lafiya, kuma ya maimaita, ranar ce ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Kuɗin kuwa bai kai yadda ake zato ba, tunda inji da farfela da babban batir sun fita daga lissafi. Abin da ake bukata rimot ne na 2.4 GHz da ƴar na'urarsa ta karɓar saƙo, sai ƙananan injinan ja guda biyu masu nauyin giram 9 da ake kira sarbo, ɗaya na juya wutsiyar tsaye don kwana, ɗaya na wutsiyar kwance don ɗaga hanci da sunkuyar da shi. Ƙananan batura huɗu masu caji suna ba da bolt 4.8, sun isa, kuma idan aka sa su a hanci sun maye gurbin ƙusar. Batirin lithiyum da aka ciro daga tsohuwar waya ko kwamfuta ba abin wasa ba ne a zafin Afrilu da Mayu, in ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta. Rimot ɗaya kuma yana yi wa ƙungiya guda aiki, kowa da jirginsa, a riƙa karɓa-karɓa. A bakin gangare doka ɗaya ce ba a karyawa: kowace kwana a yi ta ana juya wa tsauni baya, hanci cikin iska, jirgi yana kai da komo a gabanka. A tuna kuma idan ya fuskanto ka damarsa ta zama hagunka. Yatsa a hankali yake taɓa sandar rimot, domin jirgin da aka daidaita yakan gyara kansa in an sake shi.

Bayan hannu ya faɗa sai a koyi iskar da shirwa ke hawa, wato zazzafar iskar da ke tashi daga fako da duwatsu idan rana ta gasa su. Inda ka ga tsuntsaye suna kewayawa, nan take. Guguwa ita ma irinta ce amma ta fi ƙarfin jirgin soso, a kauce mata. Ranar da hazo ya yi kauri a zauna gida, jirgin da ido bai gani ba ya ɓata ke nan, shi ya sa ake shafa wa ƙasan fiffike baƙi ko ja. Da damina kuwa, da hadari ya haɗu a gabas a sauko nan take.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato tsaro. A halin da jihar Tawa take ciki, musamman wajen iyaka, duk abin da aka gani a sama ana juya shi da rimot ana iya ɗaukarsa jirgin leƙen asiri, kuma jami'in da ya yi wannan zato bai yi laifi ba. Wanda ya ce don haka a bar abin gaba ɗaya yana da hujja, sai dai ɓoyewa ce ke haifar da zargi. Sararin sama yana da hukumar da ke kula da shi, ANAC a Yamai, a gari kuma akwai shugaban gunduma da jandarmomi da sarki. A je musu da jirgin a hannu kafin ya taɓa tashi, su ga soso ne da kara, a faɗi wuri da rana, a nemi izini a rubuce, kuma ya fi kyau a ce da sunan makaranta ko gidan matasa ake yi. Kada a ɗora masa kamara. Kada a kusanci bariki, ko filin jirgin Tawa, ko iyaka, ko wayoyin lantarki, ko kasuwa ranar cinta. In hukuma ta ce a'a, a bi, a ci gaba da ƙananan jiragen tura-da-hannu a farfajiyar makaranta, domin darasin nauyi da daidaito yana nan cikinsu.

Iyaye kuma sukan ce wasa ne, yaro ya nemi abin da zai kawo hatsi gida. Ba zan yi musu alkawarin cewa jirgin soso yana ciyar da kowa ba. Amma lokacinsa bayan an gama girbi ne, sa'ad da manya suka tafi cin rani, yara suka rasa abin yi, kuma yaron da ya auna faɗin fiffike, ya raba nauyi, ya sauya abu ɗaya ya ga sakamako, ya yi lissafi da kimiyyar da allo ya kasa shigar masa. Makarantar EAMAC da ke Yamai tana horar da masu hasashen yanayi da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashen Afirka da dama, kuma da lissafi da kimiyya ake shigarta. Malaman kimiyya na kwalejojin Madawa da Buza da Keita, ku tara soson kwali tun yanzu, ku nemi takardar izini, ku zaɓi gangare ɗaya mai kallon arewa maso gabas kafin hunturu ya shigo.