Sharuɗɗan Zaman Marubuta: Ga Masu Alƙalami na Kurfai da Tondikandiya

Duk inda mutum biyar ko shida suka yarda su riƙa haɗuwa suna karanta wa juna abin da suka rubuta, a Filinge ne ko Shikal, a Damana ko Bonkuku, sun ɗauki nauyi babba, ko da ba su da ofis ba su da hatimi. Irin wannan zama ya tayar da adabin Hausa a wasu wurare. A Kano, cikin shekarun 1970, Hikima Kulob ta Mudi Sipikin taron mawaƙa ce da ke karanta wa juna waƙoƙi, ana kuma sa su a rediyo. Daga baya ƙungiyar Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke, ta nuna cewa marubutan da manyan kamfanonin ɗab'i ba su waiwaya ba suna iya haɗa kai su fitar da littattafansu da kansu. Ba su fi mu baki ba, ba su fi mu labari ba. Amma zaman yana da sharuɗɗa, kuma zan faɗe su ba sassauci, domin sassauci ne ke kashe shi.

Ku zo da rubutu. Wanda ya zo zama uku a jere hannu rabbana, a tambaye shi dalili. In ba shi da uzuri, ya saurara amma ba shi da bakin gyara wa wani. Zaman marubuta ba fada ba ce. Fada tana da ranarta da amfaninta, amma kada a ɗora butar shayi sai an rufe takardu.

Ku tsayar da rana da sa'a, ku riƙe su. A yi zama da rana, a tashi da sauran haske, domin a 2017 aka sa sassan jihar Tilaberi cikin dokar ta-ɓaci, kuma babu waƙar da ta kai ran wanda zai koma ƙauye bayan magariba. Daga shuka zuwa girbi a rage zaman, kada a soke shi. Ƙungiyar da ta ce "sai bayan kaka" sau da yawa ba ta sake haɗuwa.

Mai rubutu ya karanta da bakinsa, da ƙarfi, shafi uku ko huɗu, kada ya zarce. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake: jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, baitin da ma'auninsa ya karye, zancen da babu wata tsohuwa a Kurfai da za ta yi shi haka. In ya gama, ya yi shiru. Kada ya ce "abin da nake nufi shi ne". Ranar da littafin ya isa hannun wani a Tawa ko Dogon Dutsi, marubucin ba ya wurin balle ya yi bayani. Abin da takarda ba ta faɗa ba, ba a faɗe shi ba.

Kada ku yi wa juna ƙaryar yabo. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, shi ne kuma ya fi wuya a wurinmu, domin an tarbiyyantar da mu da kara da kunya, kuma abubuwa ne masu kyau a gida da kasuwa. A kan takarda kuwa cuta ce. Yaro ya kwana yana rubutu da hasken waya, ya kawo labarin da tsakiyarsa ta rushe, ku duka kun ji ta rushe, sai kowa ya ce "Ma sha Allah, ya yi kyau." Kun sallame shi da farin ciki, kun kuma cuce shi, don zai shekara yana maimaita kuskuren nan. "Ya yi kyau" ba sharhi ba ne. "Bai yi ba" ma ba sharhi ba ne. Sharhi shi ne ka ce: a shafi na biyu uwar yarinyar ta yarda da auren cikin layi ɗaya, alhali a shafi na farko ta rantse ba za ta yarda ba, me ya sauya ta? Ko ka ce: wurin da makiyayin ya tsaya bakin rijiya yana ƙirga shanun da suka rage, nan ne na ji labarin a jikina, kada ka taɓa shi. Ka nuna wuri, ka faɗi dalili. In ba ka da wurin nunawa, ka yi shiru, shirun ya fi amfani. Kuma wanda aka gyara wa ya sani, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada a bar takarda a koma kan mutum. Ba a ce wa kowa "kai ba marubuci ba ne", ba a gori da asali, ba a gori da cewa wani bai gama lakwal ba. Wanda ya yi karatun allo ya zo da waƙarsa da ajami, a ba shi wuri daidai da mai digiri daga Jami'ar Abdu Mumuni. Haka kuma girma ba ya kare rubutu. In Malam ko mushe, wato malamin lakwal, ya kawo labari mai rauni, ƙaramin cikinku yana da damar ya ce, "Malam, a gafarce ni, a nan ban gane ba." Babban da ba zai iya jin wannan ba, a girmama shi a matsayin baƙo, kada a ba shi shugabanci.

Ku rubuta ƙasarku. Ina faɗin wannan da zafi, domin yana ci mini rai in ga matashin da ya tashi a gefen Dallol Boso yana rubuta labarin attajirin da ke da gidan bene a birnin da bai taɓa takawa ba, don kawai haka ya gani a fim. Ku karanta littattafan Kano, ku koyi yadda suke riƙe mai karatu, amma kada ku kwafe titunansu. A Shikal ne, cikin 1925, al'amarin Hauka, wani salon bori, ya tashi, wata mace mai suna Shibo tana kan gaba, har kwamandan Faransa Croccichia ya sa aka kama mabiyansa aka tsare. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya bi mabiyan abin har Akara ya yi musu fim a shekarun 1950, duniya ta kalla. Jikokin mutanen da abin ya faru a ƙofar gidansu fa, me suka rubuta? Ba sai ka yarda da bori ba kafin ka rubuta yadda talakawa suka ji da mulkin mallaka. Ga yunwar 1931 da fara ta haddasa, ga farin 1973 da na 1984, waɗanda har yanzu akwai masu rai da suka gan su. Ga Fandu, ƙauyen Tondikandiya da ya haifi Seyni Kunce, wanda ya riƙe Nijar daga 1974 zuwa 1987. Ga shanun Azawak na Tukunus, ga kasuwar Baleyara ranar Lahadi, ga matar ɗan ci-rani da ke jiran saƙo daga Abijan ko Legas ko Libiya, ga iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Wanda ke zaune a kan wannan duka ya ce ba shi da abin rubutawa, bai duba ba ne.

Amma in za ku taɓa tarihi, ku tambaya. Ku je wurin tsofaffi da kaye da biro, ku ji daga baki biyu ko uku, ku rubuta ranar da kuka ji da garin da kuka ji. Kada ku ƙaga wa gidan sarauta ko wata zuriya abin da ba a yi ba don labari ya yi daɗi. Kada kuma ku sa sunan mai rai a cikin ƙagaggen labari, musamman abin da ya shafi 'yan bindiga ko masu kai rahoto. A yankinmu irin wannan ganganci yana iya jawo asarar rai.

Kada ku kori Kurfayanci daga bakin mutanen labarinku. In tsoho ya ce anka, munka, sunka, ko ya ce hwaɗi da zaka, a bar masa abinsa, kada wani ya ja jan biro ya ce kuskure ne. Muryar mai ba da labari tana iya bin daidaitacciyar Hausa don na nesa su fahimta, wannan zaɓin marubuci ne. Abin da ba zaɓi ba shi ne ƙa'idar rubutu. A sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. A daina rubuta Hausa da hannun Faransanci: ba "ou" a wurin u, ba "tch" a wurin c, ba "dj" a wurin j. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da doka tun 1999, inda ake amfani da ƴ a wurin da Najeriya ke rubuta 'y. Ku zaɓi ɗaya, ku bi ta daga farkon littafi zuwa ƙarshensa. Yanzu da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, rubutun ganganci ya ƙara zama abin kunya.

Kada wannan matsayi ya sa ku rufe ƙofa. Tondikandiya ƙasar Zabarmawa ce, Imanan na da Abzinawanta, Fulani suna ko'ina cikin dallol. Wanda ya zo da waƙar Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci ya karanta, wani ya fassara. Yawancinku kuna jin harshe biyu tun kuna goye, ku yi aiki da shi.

Ku ba mata wuri na gaske. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu suna cikin mawaƙan Hikima Kulob, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a ɗaka ba wanda ya sani. A zaɓi wuri da lokacin da iyaye da mazaje za su aminta da su, kamar ajin makaranta da rana. Wadda ba ta iya zuwa ta aiko da rubutunta ta hannun 'yar'uwa, a mayar mata da sharhi a rubuce. Namijin da ya mai da zaman wurin neman aure ko ya katse mace tana magana, a yi masa kashedi sau ɗaya, na biyu a sallame shi.

Kada ku yi sata. Wanda ya kwafo labarin wani daga WhatsApp ya sauya sunaye, ko ya ɗauki dabarar da ɗan'uwansa ya karanta a zama ya riga shi fitarwa, a kore shi ranar da aka tabbatar. Kada kuma kowa ya ɗauki hoton rubutun wani ya tura ba da izininsa ba, ko da da niyyar yabo ne.

Batun kuɗi a gajarce shi. Karo-karo kaɗan, wanda ɗalibi zai iya, a rubuta shi a kaye guda, a karanta lissafi gaban kowa duk wata. Mai riƙe kuɗi daban, shugaba daban. Kada ku karɓi kuɗin ɗan siyasa ko na wata ƙungiya in sharaɗinsa shi ne a gaya muku abin da za ku rubuta.

Kowane rubutu da aka karanta a ajiye kwafinsa biyu a gidaje biyu, cikin leda ko akwatin ƙarfe saboda gara da ruwan damina, a rubuta sunan mai shi da kwanan wata a kai. Wanda aka yi wa gyara ya dawo da rubutun a zama na gaba ko na bayansa, ya karanta sabon zubin, a ji abin da ya karɓa da abin da ya ƙi da dalilinsa. Ba a karɓar sabon labari daga hannunsa sai ya dawo da tsohon.