Koyon Sana'a da Arzikin Ƙauyukan Abuja

Ran 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar gina sabon babban birni a Abuja, ran 12 ga Disamba 1991 kuwa Gwamnatin Tarayya ta tare can. Tun daga sa'an nan samari ke ta kwarara zuwa birnin, kowa da takardar shaidarsa a hannu, yana neman aikin ofis. Alhali kuwa kujerun ma'aikatu ƙidayayyu ne, masu nema ba su ƙidayuwa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Sa'ad da kuɗin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986, masana'antu suka yi ta rage ma'aikata, sai Gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, watau NDE, wadda ta soma aiki a 1987. Cikin shirye-shiryenta akwai na koyon sana'a a hannun gwanaye. Ba a gina wa saurayi sabuwar makaranta ba. Sai a danƙa shi ga kafinta, ko makanike, ko tela, ko mai walda, ya zauna a rumfarsa har hannunsa ya faɗa. Hikimar wannan tsari ita ce, yaro yana koyon aikin, yana kuma ganin yadda ake yin ciniki da masu kawo aiki, abin da allo da alli ba sa koyarwa.

Wanda ke raina sana'ar hannu ya dubi bayan takardar Naira 20. Hoton da ke nan na Ladi Kwali ne, mai ginin tukwane, 'yar garin Kwali. A gida ta koyi ginin, a 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Yumɓu ne ya kai ta Ingila da Amurka.

Amfanin abin bai tsaya ga mai sana'ar kaɗai ba. Manomin doya na Abaji ko Kwali, in injin ban ruwansa ko babur ɗinsa ya lalace, ya sami mai gyara a garinsu, to kuɗin gyaran a kasuwar garin za a kashe shi, ba a Wuse ba. Mai abinci ta samu, mai haya ya samu, makaniken kuma gobe ya ɗauki yara biyu.

Hukumar tana da ofis a kowace jiha da kuma Abuja. Iyaye da masu unguwanni su tura samari da 'yan mata can su tambayi lokacin rajista.